Yadda Za Ka Samu Aikin Teku Ba Ka Iya Ruwa Ba

Ɗan'uwa, idan ka baro Japan ka sauka garin Cairns na bakin teku, a ƙasar Turawa, da izinin aiki na shekara ɗaya da Turancin sakandare, rufe littafin nan mai kalma dubu uku ka saurare ni. Maganganu huɗu kawai kake bukata, kuma na yi maka alkawari za su kai ka inda digiri bai kai wasu ba. Ni ne shaida. Sunana Mizoguchi Naoto, haifaffen Gunma, inda babu teku ko na ɗebe kewa. Shekarata shida ke nan ina aiki a jirgin ruwan da ke kai baƙi kallon duwatsun murjani na ƙarƙashin teku, kuma har gobe idan na shiga bahon wanka sai na riƙe gefe.

Mataki na 1: Tanadi kayan aiki

Ga su: "a little", "sort of", "more or less", da "not really". Wato ɗan kaɗan, kamar haka dai, kusan haka, da ba sosai ba. Malamarka za ta zana maka tsani a allo, ta ce wannan kashi talatin ne, wancan kashi tamanin. Ka gyaɗa kai, ka kwafa, ka manta. Amfaninsu ɗaya ne: ka buɗe baki ka rufe, ba ka yi ƙarya ba, ba ka faɗi gaskiya ba.

Kada ka ji tsoro, aikin gadonmu ne. Babana ya shekara arba'in da aure bai taɓa ce wa mahaifiyata e ko a'a ba, kuma har yau tana jiran ta ji ko miyar ta yi daɗi.

Mataki na 2: Sa jiki a ciki

Karkatar da kai gefe. Ja iska ta tsakanin haƙora. Dafa ƙeya. Sannan ka saki kalmar a hankali. Wanda ya ce "ɗan kaɗan" da sauri, an san kaɗan ɗin ne da gaske.

Mataki na 3: Tsaya kusa da wanda ya iya

Nan ne sirrin yake. A wurinmu gwani ba ya cewa ya iya, kunya ce. Wanda bai iya ba kuma ba ya cewa a'a, rashin ladabi ne. Don haka su biyun amsarsu ɗaya, sai mai tambaya ya yi ta kansa.

Mu biyu muka je neman aikin, gurbi kuwa ɗaya ne, kuma wanda ya samu mai jirgi zai tsaya masa ya sami takardar zama. Wanda ya rasa, sai gida. Ɗayan shi ne Fujimaki, mutumin Kochi, wanda ya ci gasar iyo ta lardinsu sau uku, kuma tun yana firamare hoton wannan tekun ke manne a bangon ɗakinsa. Ɗaki ɗaya muke haya, shi ke dafa mana shinkafa.

Mai jirgin, wani jan dattijo da ake kira Warwick, ya dube shi ya ce, "Fuji, ka iya ruwa?"

Fujimaki ya dafa ƙeya. "Ɗan kaɗan."

"Kai fa, Nao?"

Ni ma na dafa ƙeya. "Ɗan kaɗan."

"To, duk kanwar ja ce. Ku zo gwaji na sati biyu."

Mataki na 4: Zama mai ladabi har a rasa yadda za a yi da kai

Duk aikin da ke cikin ruwa, ka rusuna ka ce abokinka ya girme ka, bai dace ka riga shi ba. Duk aikin da ke saman jirgi, ka yi wuf ka kama. Kwana goma sha uku na yi ina raba shayi da ledar amai, ina tsane takalman iyo. Rigar nan mai hana nutsewa kuwa ba ta bar jikina ba.

"Nao, sanyi kake ji cikin wannan ranar?" in ji Warwick.

"Kamar haka dai."

Masu iya magana sun ce iya ruwa fid da kai. Ni na fid da kaina tun ban shiga ba.

Mataki na 5: Duba bayanka kafin ka rusuna

Wannan na koye shi da tsada. Ranar ƙarshe ta gwaji muka isa wurin tsayawa, injin ya fara tari. Warwick ya jefo mana igiya ya ce ɗayanmu ya yi iyo ya ɗaure ta a jikin tulun ƙarfen da ke yawo can gaba, shi kuma ya sauka duba inji. Ranar ce kaɗai na ara wa wata tsohuwa rigata, don na baƙi ba su isa ba.

Na haɗa masa da "san", kalmarmu ta girmamawa, na ce, "Fujimaki-san, bismillah, kai ne babba."

"Haba Mizoguchi-san, sati biyu ina shiga gabanka, har kunya ta kama ni. Yau kai ne."

Na rusuna na ja da baya. Ya rusuna fiye da ni. Na ƙara rusunawa na ƙara ja da baya, sai na ji babu jirgi.

Abin da na gani a ƙasa ba na darasi ba ne. Na dai san na sha teku iya shana, na kira mahaifiyata da sunanta na yanka. Fujimaki ya faɗo, ya cafko ni ta wuyan riga, ya wuce da ni ya ɗaure igiyar da hannu ɗaya, sannan ya dawo da ni ya jingina ni a tsanin jirgi kamar buhun albasa.

Mataki na 6: Bar mai kunya ya fara magana

Warwick ya fito da baƙin mai a hannu, ya ga igiya a ɗaure, ya ga mutum biyu sharkaf.

"Wa ya yi aikin nan?"

Fujimaki ya sunkuyar da kai. "Ni dai na ɗan taimaka. Mizoguchi-san ne ya fara shiga."

"Da takalmi da agogo? Nao, kai ka ɗaure?"

Na dubi Fujimaki. Yana jira in ce a'a, in yabe shi, shi kuma ya musa, in nace, kamar yadda ake yi a duk gidan da aka san tarbiyya. Ya yi nasa rabin, saura nawa. Na karkatar da kai, na ja iska ta haƙora.

"Kusan haka."

Warwick ya daki kafaɗata har sauran ruwan ya fito. "Irin wannan nake so, ba tsayawa dogon tunani. Litinin ka fara."

Mataki na 7: Raka shi filin jirgin sama

Ka ɗaukar masa jaka, kada ka haɗa ido da shi. Fujimaki bai ɗaga murya ba, bai ma ɓata fuska ba, kuma wannan ya fi mari ciwo. Ya bar mini tukunyar shinkafarsa da gilashin iyonsa. A bakin ƙofa na tambaye shi ko yana fushi da ni, ina fatan ya zage ni in huta.

Ya ce, "Ba sosai ba." Sannan ya ƙara, "Mizoguchi-san, ka koyi iyo. Akwai yara a jirgin ruwan nan."

Yanzu yana sayar da taya a shagon kawunsa. Ni kuwa na yi rajistar koyon iyo sau huɗu, amma duk malaman garin sun san Warwick, ban taɓa wuce ƙofa ba. Kunyar abin da na yi tana nan daram, ban sami kalmar Turancin da za ta rage mata nauyi ba.

Gargaɗi

Marubucin wannan darasi bai ce ka bi shi ba, bai kuma ce kada ka bi ba. Idan ka rasa aboki, ko barci, ko numfashi, babu hannunsa. Idan ka samu aikin da ya fi ƙarfinka, ka yi kuka da bakinka. Wanda kuma ya sayi tikitin jirginmu, ya ɗaure rigarsa da kyau kafin ya leƙa ruwa, domin ranar Talata da Alhamis ni ne mai ceto.