Ƙofar da Basharat ya sayo

"Ammi, ni idan na shinshina katako sau ɗaya, zan gaya miki shekarunsa da dajin da aka sare shi, har da sunan kafintan."

Ɗana Basharat ke nan. Ni na haife shi, ina son abina, amma gaskiya ɗaya ce: tun yana goye bakinsa ya fi kansa girma, yanzu kuma tumbi ya zo ya wuce su duka biyun. Sana'arsa sayar da batirin mota. Inda ya karanci katako, Allah kaɗai ya sani.

Abin da ya kawo zancen, dangin wani yaro za su zo daga Chiniot, garin masassaƙa, ranar Lahadi neman auren 'yarsa, jikata Sidra. Yarinyar tana son yaron. Ba ta faɗa ba, amma da an ambaci sunansa sai gurasar rotin da ke kan wuta ta ƙone. Kujerun falonmu kuwa sun gaji, wanda ya zauna sai an miƙa masa hannu. Kausar, matar Basharat, ta ce ya je ya samo na mutunci. Na yafa mayafi na bi shi, don na san halin kayana.

Shagon Malik Sarwar yana bayan tashar jirgin ƙasa ta Lahore. Duk gidan da aka rushe a ƙasar nan, can ƙasusuwansa ke taruwa: tagogi, ginshiƙai, fitilu. Ga kujerun zamanin amarcina a jere, masu siraran ƙafafu a karkace, irin waɗanda muka ba 'yan gwangwan kyauta, yau an goge su suna harararmu. Na zauna a ɗaya, bayana ya yi hamdala.

"Ɗan nan, ga abin da aka aiko mu."

Ina. Gogan naku ya riga ya yi gaba. Ya tsaya gaban wata baƙar ƙofa mai ganye biyu, tsayinta kamar ta masallaci, da wata 'yar ƙaramar ƙofa a jikin ganye ɗaya. Ya manna hanci, ya lumshe ido.

"Malik Sahib, wannan daga fadar wani nawab, basaraken da, ta fito."

"Yadda ka faɗa haka ne, Sahib."

"Giwa ke shiga ta nan."

"Wa zai yi musu da masani?"

Na ce, "Basharat, baƙin a kan ƙofa za su zauna?"

"Ammi, ba ki san mutanen Chiniot ba. Da katako ake yaye su. Suna ganin wannan, sun san gidan da suka zo."

Malik Sarwar ya miƙo masa abin awo, ya ture. Wai hannunsa ya fi kowane awo. Ya yi ta takawa da tafin hannu a jikin ƙofar yana gyaɗa kai, ya ce kamar don gidanmu aka yi ta.

Da keken jaki ya kawo ta, ta ƙi shiga lungunmu sai a karkace, ta tsinke wayar wutar maƙwabta, ta kifar wa mai nono da tukunya. Kafin nan Sarkin Masana ya sa an ɓalle tsohuwar ƙofarmu ta ƙarfe, ya sallama wa 'yan gwangwan. Aka ɗaga sabuwa, faɗinta ya yi yawa. Ya ce a fasa bango. Aka fasa. Tsayinta ya tokari barandar sama. Ya ce abu mai sauƙi, a haƙa ƙasa a nutsar da gindinta, a zuba siminti ta zauna daram.

Ta zauna daram kuwa. Safiyar Lahadi aka tura ganyen nan biyu, ko motsi, siminti ya riƙe su gam. Sai 'yar ƙaramar ce ke buɗewa.

Kausar ta ɗora hannu a ka. "Baban Sidra, ta nan surukan za su shigo, da rarrafe?"

"Haka ake shiga fada. Mutum ya sunkuya ya san girman masu gida."

Shi yana waje lokacin. Ya cire taguwa, ya shanye ciki, ya kutso da ƙyar. Da ya tsaya a haka, da an rufa asiri. Amma sai ya shiga kicin ɗanɗana abincin baƙi. Ya ɗanɗana shinkafar biryani, ya ɗanɗana nama, ya koma ya tabbatar da biryanin. Ya saka kaya masu sitaci, ya ɗora falmaran.

Baƙi suka iso, ya ce shi zai fita ya tarbe su. Kai ya fita, kafaɗu suka fita, tumbi ya ce shi nan ne gidansu. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Kausar da Sidra suka kama ƙafafu suna ja, takalmi kawai suka samu. Yarinyar ta zauna a tsakar gida tana sharar hawaye. Na lallaɓa na hau baranda don in ba mutane haƙuri.

A ƙasa ga uban yaron, ga kawunsa ɗauke da kwalin alewa, ga kakarsa Bebe Sardaran a kan sanda, ga rabin unguwa. Ɗana kuwa, rabinsa a titi, bakin bai mutu ba.

"Marhabin, marhabin. Ku duba sassaƙar kafin ku shigo. Waɗannan ramukan da kuke gani, saran takobi ne, ranar da aka kai wa nawab hari."

Tsohuwar ta matso, ta shafa ramukan, ta leƙa wajen sakata. Sai kafaɗunta suka fara rawa don dariya.

"Takobi? Yaro, ƙahon Kali ne, baunar babana. Ƙofar garkenmu ce. Bara jikokina suka rushe shi." Ta ɗaga kai ta gan ni. "'Yar'uwa, ke ce uwar wannan?"

"Ni ce, Bebe. Haka Allah ya ba ni."

"Ina yarinyar?"

Na kira Sidra ta hau, idanu jajir, ta yi sallama daga sama. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta.

"Share hawayenki, 'yata. Gidan da ƙofar ubana ta riga ni zuwa, ai na gida ne. Mun gani, muna so. A jefa musu alewar sama."

Basharat ya yi gyaran murya daga ƙasa. "To Bebe, tunda an zama ɗaya, ya ake fita daga nan?"

"Sauƙi gare shi. Duk shekara sai wani ɗan maraƙi mai haɗama ya maƙale a nan. Man shanu muke shafa masa, a murɗa wutsiya, sai ka ga ya fice." Ta sake dubana. "'Yar'uwa, mai dai na san kuna da shi. Leƙa ta wajenku ki gani, naku yana da wutsiya?"