Rasuwar Ƙwarya Mai Ƙofa Biyu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da haushin da bai huce ba, Malama Scholastica Bitrus, malamar bayoloji a wata sakandare a Makera, tana sanar da rasuwar abokiyar aikinta ta shekara tara, wadda ɗalibai ke kira Mama Maito. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a gaban baƙi, a hannun wanda bai san gabanta da bayanta ba.

Marigayiyar ƙwarya ce biyu, ƙarama a cikin babba, daga gonar mahaifiyar Malama a Zonkwa. Malama ta haɗa ta da hannunta don ta nuna wa yara maitokondiriya, wato ɗakin da ke samar wa ƙwayar halittar jiki ƙarfi. Ɗakin nan bango biyu gare shi, kuma yawancin furotin ɗin da yake aiki da su a waje ake ƙera su, sai an shigo da su. Don haka kowace ƙwarya tana da ƙofarta: ta waje masana na kiranta TOM, ta ciki kuma TIM.

Mai tsari ce, ba ta san alfarma ba. Furotin ɗinta igiyar duwatsun ado ce mai jan ƙyalle a ka, kuma ƙyallen nan shi ne katin shiga. Sai an warware igiyar ta miƙe, an gabatar da kan, sannan ƙofar waje ta karɓa ta miƙa wa ta ciki. Daga nan injin tsohuwar rediyo mai kaset ya ja ta a hankali, ƙirrr, reza ta datse ƙyallen, ƙyas! Yaran da littafi ya gagara sun gane darasi da wannan ƙyas ɗin. Ko sau ɗaya ba ta nemi wutar NEPA ba, batir biyu sun ishe ta.

Ciwon ajalinta gajere ne. Iyayen yara sun zo zagaya makaranta, sun iso ɗakin gwaji inda marigayiyar take, Malama tana aji, sai mataimakin shugaba, Mista Benson, ya ga dama ta samu. Mutumin da ko kwararo bai taɓa sharewa a ɗakin gwaji ba ya gyara tayen wuyansa ya ce, "Ku matsa, ai ni ma na yi bayoloji." Ya tarar da igiyar a dunƙule, bai warware ba. Jan ƙyallen ma ya cire ya jefar, wai datti ne. Ya cusa dunƙulen ta wutsiya, ƙofa ta ƙi, kamar yadda aka gina ta ta ƙi. Maimakon ya ji kunya ya janye, sai ya sa babban yatsa ya danna da ƙarfin da Allah ya ba shi a maimakon fahimta. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ɓaras.

Har yau bai ce a yi haƙuri ba. Ya dai rubuta rahoto cewa ƙwaryar ba ta da ƙwari, ya kuma ba da shawarar a riƙa zane a allo.

Ta bar igiya ɗaya, batir biyu, reza, da marayu biyu 'yan aji shida, Asabe da Damaris, waɗanda suka yi wata uku suna shirin kai ta gasar kimiyya ta makarantu ranar Asabar ɗin nan. Wannan ne ya fi ci wa Malama rai. Ƙwarya irin wannan ba ta haɗuwa a kwana huɗu, kuma sunan yaran ya riga ya tafi wurin masu shirya gasar.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan tashi daga makaranta, a gindin gwandar da ke bayan ɗakin gwaji. Ba za a binne igiyar ba. Ranar Asabar Asabe za ta naɗe yatsunta ta zama ƙofar waje, Damaris ta zama ta ciki, su zura igiyar a gaban alƙalai, su yi ƙirrr da ƙyas da bakinsu. Sun ce sun iya, kuma Malama ta yarda, domin marigayiyar ce ta koya musu.

Ana gayyatar ɗalibai na da da na yanzu. Ba a aika wa Mista Benson kati ba. In ya zo, zai tarar da Malama tsaye a ƙofa, kuma wannan ƙofar ba ƙwarya ba ce.