Ƙofar da Na Sassaƙa wa Kawu Sale

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka kafa ƙofar Kawu Sale. Ni kafinta ne a unguwar Shisha, nan ƙasa mai tsarki, na daɗe a sana'ar, kuma (gara in faɗa da bakina) ina son a yabe ni.

Kawu ya gyara ɗan masallacin da ke ƙasan gidansa, ya ce in yi masa ƙofa ta gani ta faɗa. Na shiga waya neman zane, na ci karo da hoton wata tsohuwar ƙofa, sirara-siraran rassa sun nannaɗe juna, gwanin kyau. Akwai rubutu a ƙasan hoton da wani yare, ban bi ta kansa ba. Na ce wa Kawu aikin Musulmin Andalus ne. A ina na samo wannan? A kaina.

Sati biyar ina sassaƙa. Da aka kafa ta Kawu ya yi walima, na tsaya a gefe cikin sabuwar jallabiya ina zuba wa mutane tarihin Andalus (wurin da ko a taswira ba zan iya nunawa ba).

Cikin baƙin akwai surukin Kawu, Dakta Bashir, malami a Norway, ya zo Umara. Ya jima yana kallon ƙofar, sannan ya ce, "Masha Allah, hannunka ya faɗa. Amma wannan zanen a jikin wata tsohuwar cocin katako yake, can wajenmu. Salon 'yan Viking ne, mutanen da na arewacin Turai. Da suka karɓi Kiristanci sai suka ƙawata coci-cocinsu da shi."

Na ce, "Dakta, ai rassa ne kawai."

Ya ɗora yatsa. "Ga ido, ga baki. Wannan maciji ne, waccan dabbar ta cije shi."

Sai a lokacin na gan su. Ni na fitar da idanun nan ɗaya bayan ɗaya, ina zaton 'ya'yan itace ne.

Kawu ya gyara tabarau, ya leƙa, ya juyo. "Ya waladi, ɗana, macizai ka jera mini a ƙofar masallaci?"

Kafin la'asar na cire ta da hannuna, aka rataya labule. Bayan wata guda na kawo wata, lami, ko ɗigo babu. Kawu bai ƙara tayar da maganar ba, haka kuma bai ƙara ba ni aiki ba.

Yanzu in ban san abu ba, shiru nake yi. Kuskuren hannu sanfefa, takardar gugar katako, kan goge shi. Na baki kuwa, mutum arba'in ne suka tafi da shi gida.