Rasuwar Bajamushe a Firizar Seth

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ciki mai cike da magana, ni Ƙauna Malachy, wadda kuka fi sani da Maman Yemima ta unguwar Glenwood, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da Zumuntar Mata, da duk wanda ya taɓa ɗanɗana man gyaɗata a garin Greensboro, cewa Seth mijin Confidence ya kashe mini Bajamushe. Na faɗa da baki, yanzu kuma na rubuta. Seth ne. Wanda yake ganin na yi gaggawa ya karanta har ƙasa, sannan ya zo ya same ni, ina gida.

Marigayin, ga waɗanda Allah bai nufa sun san shi ba, mazurari ne na gilas. Kada wani ya kawo a ransa irin na ɗura kananzir a fitila. Cikinsa kamar gora da aka kifa, faɗi a sama, tsini a ƙasa, ga murfin gilas a kansa, ga ɗan famfo a ƙasa, ga dogon hanci. Ka zuba masa mai da ruwa a cakuɗe, ka ba shi lokacinsa, sai ya raba su kamar alƙalin da ba ya cin hanci: ruwa da laka su kwanta ƙasa, mai ya hau sama. Ka murɗa famfo ruwan ya fice, ka rufe, ka ɗauki manka garau.

Sunansa na baftisma Scheidetrichter. Haka yake a jikin kwalinsa, kuma baƙi-baƙi na kwafo shi, domin ni ban yi boko ba, karatuna na ajin mata ne a Pankshin. Turawan nan suna ce masa separatory funnel, in lalaci ya kama su su ce sep funnel. A gidana Bajamushe ne, kuma yana amsawa.

Na san danginsa tun kafin in san shi. Shekara da shekaru ina wanke gilas a wani lab da ake gwada ruwa. Shugabar wurin wata tsohuwar Bajamushiya ce da ta ƙi sakin sunayen garinsu, yaran da ke aiki a ƙarƙashinta kuma suna kiran komai da Turanci. Madam ta ce Becherglas, yara su ce beaker, ni kuwa na san kofin nan ne mai leɓe. Ta ce dekantieren, su ce decant, in duba in ga ashe tsiyaya ce, irin wadda ake yi wa ruwan kamu. Mu mutanen Filato yare biyu ko uku ba ya firgita mu. Ranar da gwiwa ta sa na ajiye aikin, Madam ta ba ni shi sabo dal a kwalinsa, bai taɓa ganin magani ko guba ba. Wannan na faɗa ne saboda masu cin ƙuliƙulina, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Marigayin mai haƙuri ne. Ba shi da ɓoye-ɓoye, abin da ke cikinsa kowa na gani, ba kamar wasu da za mu zo kansu ba. Zafi bai taɓa sa shi ƙorafi ba. In na matse tunkuza na tace man da ƙyalle, shi ne mai kammala aikin, shi ya sa man gyaɗata ba ya tartsatsi a kasko. Ya yi wa man shanu hidima, ya yi wa romo, bai taɓa tambayar na Kirista ne ko na Musulmi ba. Ba shi da surutu. In na ɗora masa murfi ya ce ƙyas. In na buɗe famfo ya ce tsuuu, sai ya koma ɗis, ɗis, ɗis, kamar dattijon da ke auna maganarsa. Sau ɗaya yake ɗaga murya: in na manta ban cire murfi ba na buɗe famfo, sai ya ce ƙul-ƙul-ƙul, kuma kullum shi ne da gaskiya. Ni ma ban ci amanarsa ba. Man kaɗe nake shafa wa famfonsa. Tawul ɗinsa daban. Bai taɓa shiga injin wanke kwanuka ba, ko da Yemima ta yi ta mita.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya same shi, kuma ina so a karanta wa Seth wannan wurin sau biyu.

Likita ne ya ce wa Seth mai ya yi masa yawa a jini. Seth kuwa ba ya barci sai da farfesun jelar saniya. Confidence ta zo mini ido duk hawaye, wai mijinta zai mutu ya bar ta da yara. Ni na zauna a kujerar uwar amarya ranar aurensu, to me zan yi? Na ɗauko Bajamushe, wanda ko 'yar cikina ba ta taɓa shi sai ina tsaye, na naɗe shi a zani na ba ta aro, domin ta riƙa zare romo ta ƙasa ta bar man a sama. Ya tafi gidansu a titin Gate City Boulevard ya yi aikinsa da aminci. Kowa shaida ne bel ɗin Seth ya koma ramin da ya daɗe bai gani ba. Ku riƙe wannan da kyau: ran Seth marigayin ya je ceto.

Da lokacin mayarwa ya yi, Confidence ta yi abin da uwarta ta koya mata. A wurinmu ba a mayar da kwanon aro wayam. Ko gishiri ne, ko gyaɗa cikin tafi, sai an sa wani abu a ciki. Sai ta dafa zoɓo mai citta da abarba, ta ɗura masa har wuya, ta danna murfi. Ban kama ta da laifi ba. Da ta kawo shi ba komai, da na yi murmushi a fuska na yi da ita a zuci har Ista. Sai dai waɗanda suka kafa wannan al'ada ƙwarya suka sani da kwanon sha, ba su san firiza ba, kuma ba su san Seth ba.

Ta bar shi tsaye a kan ƙafarsa ta ƙarfe ya huce, ta tafi aikinta a gidan kula da tsofaffi, ta bar wa mijinta saƙo ya kawo mini in ya yi sanyi. Aikin ke nan. A ɗauka, a sa a mota, a miƙa. Seth ya taɓa ya ji da ɗumi, ya ga jira ba nasa ba ne. Ya zare bawan Allah daga ƙafarsa, ya buɗe babbar firizarsu, ya kwantar da shi tsakanin kaji da cinyar akuya, wai na ɗan lokaci. Sai wayarsa ta yi ƙara, shi da yake direban haya ne, ga fasinja zuwa garin Charlotte. Ya ɗauki makulli ya fita. Ranar Asabar ke nan. Bai tuna ba sai Litinin, shi ma don yana neman kaza ne.

Jama'a, wane ne bai san ruwa yana kumbura in ya daskare ba? Wane ne bai taɓa ganin kwalbar lemo ta fashe ba? Ciki cike har wuya, murfi a danne, ina zoɓo zai je? Ba wanda ya ji kalmarsa ta ƙarshe. Ni dai na san tas ya ce, sau ɗaya, domin shi ba mai ja-in-ja ba ne.

Da Seth ya zo a ranar ya durƙusa, da yanzu ba ku karanta wannan ba. Amma ina! Sai ya sauya benci a coci. Mutumin da ke zama gaba don a ga sabon takalminsa ya koma bayan ginshiƙi, ana fara waƙar rufewa ya sulale. In na tambayi Confidence lafiyar Bajamushe sai ta ce yana nan, ta dubi ƙasa. Can sai ga jaka mai ƙyalƙyali an ajiye mini a bakin ƙofa, har da kati. Na buɗe na ga wata kwalba mai faɗin gindi da dogon wuya, ba famfo, ba hanci. Yemima ta duba ta fashe da dariya har da riƙe bango, ta ce sunanta decanter, giya ake zubawa a ciki. Giya! Ni da nake jan waƙa a Zumuntar Mata tun Seth yana yawo ba wando! Ya kashe mini dattijo ya aiko mini da 'yar mashaya.

Daga baya Confidence ta kasa jurewa, ta kawo mini gawar a cikin kula. Na buɗe. Ga jar ƙanƙara ta ɗauki siffarsa sak, cikin nan, kafaɗar nan, tsinin nan, gilas ɗin kuma ya tsattsage ya manne a jikinta. Ko ɗigo ɗaya bai zubar ba. Ko a mace ya riƙe abin da aka ba shi ajiya. Muka zauna a kicin ni da ita muka yi kuka, muka yi dariya, muka sake kuka, sannan na zuba mata tuwo.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. Labari ya zo mini da ƙafarsa cewa Seth ya tsaya a Zumuntar Maza yana faɗa wai da na Jamus ne na gaske da bai fashe ba, wai jabu aka ba ni. Ka kashe, ka ɓuya, sannan ka yi wa gawa ƙazafi? Seth, kai ma a ɗura maka zoɓo har wuya, a toshe ka, a kwantar da kai kusa da akuya daga Asabar zuwa Litinin, mu ga ko kai na gaske ne.

Marigayin ya rasu ya bar ƙaninsa Stopfen, wato murfi, da Turanci stopper, wanda aka tsinto a cikin naman akuya ko ƙwarzane babu. Ya bar Hahn, ɗan famfon nan da yaran lab ke kira stopcock, yana nan da guntun hanci a jikinsa, muna jinya amma ba mu sa rai ba. Ya bar Stativ, ƙafarsa ta ƙarfe, tana tsaye a kan kantar kicin da zobenta a buɗe tana takaba, ba na iya haɗa ido da ita. Ya bar Becherglas, wanda ya yi zamansa a ƙarƙashinsa yana tarar abin da ya sauko, yanzu ya koma ma'ajiyar cokula. Ya bar kwalinsa, mai rubutun Vorsicht Glas da jan baƙi, ma'ana a yi hankali gilas ne, wa'azin da bai isa Gate City Boulevard ba. Ya bar buhun gyaɗa a bayan ƙofa da Kirsimeti a gabanmu. Ya bar Hajiya Hafiza, wadda ba ta sa wa yaranta wani mai a wake da shinkafa sai nawa, kuma ta riga ta zo gaisuwa da kanta, Allah ya ba ta lada. Ya bar ni. Na gwada kwashe mai da ludayi kamar dā, ruwa ya bi shi, kasko ya yi mini tartsatsi, ga tabo nan a hannuna ga mai son gani.

Allah ya ba mu haƙurin rashi. Ya raba mu da cakuɗe kamar yadda marigayin ya saba rabawa. Amin.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe biyu na rana a bayan gidana, gindin yakuwa. Yemima ta ce ba a haɗa irin gilas ɗinsa da kwalabe a shara, ni kuma ko ana haɗawa ba zan yarda ba. Kafin nan gawa tana kwance a tawa firizar, mai son ganin ƙarshe ya zo da rana. Za a fitar da shi da safe zoɓon ya narke a cikin roba, kuma kada wanda ya kawo kofi, akwai gilas a ciki. 'Yan Zumunta su zo da anko da tulun kiɗa da caki. Na nemi Fasto ya yi addu'a, ya ce ba ya binne gilas, amma zai zo cin masa da miya. Kada a tare wa ɗaliban da ke maƙwabtaka da ni hanyar mota, sun fi ku saurin kiran 'yan sanda. 'Yar mashayar tana bakin ƙofa a jakarta, mai ita ya ɗauki abarsa.

Shebur ɗaya ne a gidan nan, kuma Seth ne zai riƙe shi. Ba aike, ba kati, ba turo Confidence. Zai tsaya a gaban matan nan ya faɗa da Hausa, ba da sori ba, cewa hannunsa ne ya rufe firizar, kuma marigayin ɗan asali ne. Zai buɗe wayarsa ya nuna mini ya yi odar wani, mai cin lita biyu, mai murfi da famfo, da sunan da na rubuta a sama, kuma ya iso kafin gyaɗata ta yi ƙwari. Sannan ya haƙa.

Ƙasar bayan gidana jan yumɓu ce, kuma tun da na ji maganar jabu na daina yi wa wurin ban-ruwa. Seth, ƙarfe biyu. Ka zo ka amsa, kuma ka zo da safar hannu.