Sarƙar Sarauniyar Awaki

Wani ne a nan garinmu na gefen kogin Whanganui ya ƙwallafa rai sai ya shiga ƙungiyar farautar Kawu Rewi, kawun matarsa. Mutumin nan ko zomo bai taɓa kashewa ba, sai wanda ya take da mota. Amma ya sayi bindiga, ya sayi takalmin roba har gwiwa, ya sayi wuƙa mai tsawon hannu.

Kawu Rewi ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, ina ake yaƙin?"

"Kawu, so nake ku riƙa tafiya da ni."

"Karnukana ma sai da na gwada su. Shiga gandun dajin gwamnati kai kaɗai. Ka fito da alade ko akuya, ka zama namu. Ka fito hannu wofi, ka ci gaba da fere wa mata dankali."

Gogan naka ya yanki takardar izinin farauta, ya shiga daji. Bai yi nisa ba ya ci karo da wani ƙaton alade, haurensa kamar ƙahon bijimi. Ya ɗaga bindiga. Alade ya ɗaga kai. Shi da kansa bai san lokacin da ya kai ƙolin bishiya ba.

Alade ya buɗe jakar da gogan ya yar a ƙasa, ya cinye burodi da naman tunkiya, ya haɗa da takardar izinin, ya kwanta a gindin bishiyar ya yi barcinsa. Da ya farka ya yi miƙa ya tafi, ko waiwaye babu.

Wajen saukowa reshe ya karye. Ya faɗo tim, bindiga ta tashi da kanta. Sai ya ji "mee!" a bayan kurmi. Ya leƙa: ga akuya a miƙe, da wani abin wuya mai kauri, har da 'yar fitila tana ƙiftawa.

To kowa a nan, har yaran makaranta, ya san Munafuka. Akuyar ma'aikatan gandun daji ce. Awakin daji ɓarna suke wa gandun, shi ya sa sukan ɗaura mata na'ura mai nuna inda take su sake ta. Akuya kuwa ba ta iya zaman kaɗaici, sai ta nemo danginta. Su kuma su biyo na'urar da jirgi mai saukar ungulu, su harbe garken, su bar ta ta nemo wasu.

Kowa ya sani, ban da mutuminku. Ya ce, "Kai! Sarauniyarsu na kashe, ga sarƙar sarauta!"

Ya yanke kan, ya zare abin wuyan, ya ɗaura a nasa wuyan. Ƙaf! Ya kulle. Ya saɓi nama sai mashayar gari, inda Kawu Rewi ke zaune da mutanensa.

"Kawu, a matsa mini kujera. Daga wancan tsaunin na hango ta, harsashi ɗaya!"

Kawu Rewi ya kalli fitilar tana ƙiftawa a maƙogwaronsa, ya ce, "Zauna, ɗana. Kar ka je ko'ina. Ba mu labarin tun daga farko."

Yana cikin labari, ya kai inda alade ya durƙusa yana neman afuwa, sai rufin kwano ya hau rawa. Jirgi ya sauka a filin ƙwallo. Sai ga Hinewai, shugabar ma'aikatan, riƙe da eriya tana ƙara: ƙit, ƙit, ƙit-ƙit-ƙit. Ta wuce kantar sayar da abin sha, ta wuce teburin farko, ta tsaya a gaban hancinsa.

"Ina akuyata?"

"Taki? 'Yar'uwa, ta daji ce. Sarauniya ce ma."

"Tun tana 'yar ƙarama nake ba ta madara a kwalba! Yanzu uban wa zai kai mu wurin garken?"

Ya hau jan abin wuya, ido ya firfito, abu ya ƙi fita. Hinewai ta ja tsaki ta ce mabuɗin yana ofis.

Ya juya a marairaice ya ce, "Kawu, amma dai na fito da akuya. Maganar shigata fa?"

Kawu Rewi ko kallonsa bai yi ba. Ya ce wa Hinewai, "'Yata, bar neman mabuɗi. Sake shi a dajin haka nan, kafin rana ta faɗi zai kai ku wurin danginsa."