Onarabul Ɗanmaliki Ya Ci Akwati

Alhaji Ɗanmaliki ba ya tambaya. Bai taɓa ɓoye wannan hali ba, ado ma ya ɗauke shi. A wurinsa tambaya aikin baƙo ne da ɗan makaranta. Shi kuwa ya daɗe da barin makaranta, kuma babu inda yake baƙo tsakanin Tambuwal da Kebbe. Ko hanya ta ɓace masa ba ya tsayawa wurin mai rake ya nemi kwatance. Sai ya ce wa direba a ci gaba, hanyar ce ta yi kuskure.

Allah ya yi wa mazaɓar nan baiwa da shi. Wasu mazaɓun sai an kawo musu taswira daga Abuja kafin su san iyakarsu. Tamu taswirar tana zaune a ƙofar gida kan kujerar roba, cikin babbar riga mai sitaci, tana sakace. Shi ya sa 'yan majalisarsa suka sa masa suna Taswira, shi kuma ya karɓa hannu biyu.

Ilimin nan ba daga sama ya faɗo ba. A samartakarsa ya yi aikin duba-gari, zamanin da Sakkwato take ƙatuwar jiha guda, ba a yanke mata Kebbi da Zamfara ba. Ya zaga ƙauyuka a kan keke yana leƙa randunan mata. Daga wannan leƙe ya haddace ƙasa, kuma tun lokacin bai ƙara wa haddar ko ɗigo ba. Me za a ƙara wa abin da ya cika?

"Wagga mazaɓa ga tafin hannuna take," in ji shi, kullum bayan la'asar. "Daga bakin gulbi har dajin Kebbe babu tungar da ban sha ruwanta ba. Kakana na yaj ja iyakar da sandarshi. Kowane akwati na san abin da yaj jefa tun zaɓen farko."

Kakan nasa dillalin jakai ne. Sanda kam yana da ita.

Tarihin zaɓen mazaɓar, ta ɓangaren da ya shafe shi, gajere ne. Sau uku yana tsayawa takarar majalisar wakilai a jam'iyya mai alamar buta. Sau uku jama'a suna nuna masa ƙauna mai tsanani. A Kebbe sun tare shi da kalangu tun daga bakin gari. A Fakku matasa sun ɗaga shi sama har hularsa ta faɗi. Ranar zaɓe buta ta sami ƙuri'a ɗaya a can, kuma har yau ana zaton mai ita ba ya gani sosai. A akwatin ƙofar gidansa ya sami bakwai, alhali masu katin zaɓe a cikin gidan sun kai goma sha ɗaya. Da ya tsare matarsa Hajiya Ruwaida da ido, sai ta ce ƙuri'a sirri ce, haka rediyo ya faɗa, ta ci gaba da tankaɗe.

Duk wannan maguɗi ne, kamar yadda ya sha bayyanawa. Abin da maguɗi bai iya ƙwace masa ba shi ne suna. Tun fastarsa ta farko ake ce masa Onarabul, kuma ya riƙe sunan fiye da yadda waɗanda suka ci zaɓen suka riƙe nasu. An rubuta shi a ƙofar gida da jan fenti. An rubuta shi a bayan mota. Wanda ya gaishe shi bai haɗa da shi ba, to bango ya gaisar.

Ana haka sai aka yi wani taron suna a Tambuwal, zaɓe na huɗu yana ƙaratowa. An yi addu'a, ana rabon goro, sai taubashinsa Haliru ya ɗaga murya daga can ƙarshen tabarma. Taubashi dai ba a fushi da shi, kuma Haliru ya san haka sarai.

"Taswira, don Allah ɗebe mini shakka. Onarabul ɗin ga, na wane akwati na?"

Dariya ta tashi har cikin gida, mata ma sun jiyo. Ɗanmaliki ya miƙe, ya tattara hannun riga kan kafaɗa, ya dubi liman.

"Malam, ka zan shaida. Wallahi, tallahi, in ban ci akwati guda ba ga wanga zaɓe, kada mahalukin da yas sake ce mini Onarabul."

Liman ya ce an shaida. Haliru ya ce shi ma ya shaida, ya ƙara goro.

Sai da ya koma gida ya gane nauyin abin da ya ɗora wa kansa. Amma babban mutum ba ya rasa dabara. A baya ya watsa ƙarfinsa ne a ƙananan hukumomi biyu. Bana akwati guda zai zaɓa, ya zuba masa komai. Ya rufe ido ya buɗe taswirar da ke cikin kansa, sai ga Tungar Na'Allah, wani ƙauye can bayan Sanyinna, a tsallaken wani rafi. Ya tuna randunansu masu tsabta. Ya kuma lura babu ɗan takarar mazaɓar nan da ya taɓa taka ƙafa can.

"Kun ga sakaci?" ya ce wa 'yan majalisarsa. "Gari guda sun manta da shi. Ni kaɗai nis san shina nan."

Akwai dalilin da ya hana su zuwa. Ranar da aka yanke Jihar Kebbi, wannan rafin aka yi iyaka da shi, Tungar Na'Allah ta faɗa wancan gefen. Mutanenta suna cin kasuwar Tambuwal, suna aure a Sanyinna, harshe ɗaya, ɗinkin hula ɗaya, amma ƙuri'arsu wata jiha take tafiya. Direbansa ya sani. Almu, babban ɗan korensa, ya sani. Sai dai wanda ya taɓa yi wa Onarabul gyara a kan sunan wani ƙauye, tun ranar bai sake zama a inuwar ƙofar gidan ba. Ga shi kuma an ce za a yanka sa. Almu ya ce, "Allah shi ja zamanin Taswira," aka tada mota.

Rani ne, rafin ya ƙafe, sai yashi. Mota ta tsallake jiha ba tare da ta jiƙa taya ba.

Abu na farko da ya tarar shi ne fastocin wasu baƙin fuskoki a bangon masallaci da jikin bishiyoyi. Ya tsaya ya kama ƙugu.

"Dubi jahilci! Mutum shina neman majalisa, ko iyakar mazaɓarshi bai sani ba. Ku ciccire su."

Cikinsu har da wata mai alamar buta, ɗauke da hoton wani siririn mutum mai suna Gazali. Wannan ya ce ɗan damfara ne, ya yaga ta da hannunsa.

Daga nan alheri ya sauka a Tungar Na'Allah. An yashe rijiya. An sa wa masallaci sabon kwano. An yanka san, an ci har an yi kilishi. Ba a yi suna ba sai ga Onarabul, ba a yi rasuwa ba sai ga Onarabul, wani lokaci ma yana riga dangi isowa. Gonar albasarsa ta bakin fadama ce ta ɗauki nauyin wannan ƙauna, don sayar da ita ya yi. Hajiya Ruwaida ta ce masa gonar dai tana ba da albasa duk shekara, ƙauyen fa me yake bayarwa? Ya ce siyasa ba girki ba ce.

Maigari Na'Allah, jikan wanda ya kafa tungar, dattijo ne mai kunya. Abin ya dame shi. Wata rana bayan an ci tuwo ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe, akwai wata magana game da akwatinmu. Ka san mu nan..."

"Na sani," in ji Onarabul. "An yi watsi da ku. Ba sai ka faɗi ba."

"A'a, ranka shi daɗe, ƙuri'ar tamu ita..."

"Maigari, ina duba randunan garin ga kana kiwon awaki. Mi za ka gaya mini?"

Maigari ya bar maganar. Baƙon da ya rufa maka masallaci ba a katse shi sau uku. Bayan tafiyarsa dattawa suka zauna shawara, aka rasa mai zuwa ya faɗa masa. A ƙarshe maigari ya yanke hukunci.

"Mutum ya ci tuwonmu, mun ci namanshi. Buta yac ce, buta za mu dangwala. Inda ƙuri'a za ta, ba mu munka ja iyaka ba."

Ranar zaɓe ya jefa tasa a ƙofar gida da sassafe, bai ko dubi layin iyalinsa ba, ya kama hanyar tunga. Mutanen ƙauyen sun cika alkawari yadda ba a saba gani ba. Da yamma aka zazzage akwati a gaban jama'a, malamin zaɓe yana ɗaga takarda yana faɗa. Buta. Buta. Buta. Har muryarsa ta dushe bai ambaci wani abu ba sai buta. Mata suka rangaɗa guɗa. Almu ya yi tsalle kamar bai san komai ba. Onarabul ya hau kan benci, ya kira Haliru a waya, ya buɗe murya don kowa ya ji.

"Taubashi, kana ji? Akwatin Tungar Na'Allah na! Ka kai ma liman labari. Yau tarihi ya gyaru. Wanda yas san ƙasa shi ka cin ƙasa!"

Aka ji Haliru a waya yana tari mai kama da dariya.

Aka rufe akwati, aka ɗora shi a bayan a-kori-kura tare da ɗan sanda. Onarabul ya shiga gaban motarsa don ya yi wa nasararsa rakiya zuwa Tambuwal. A-kori-kura ta tashi. Maimakon ta gangara rafi, sai ta juya masa baya ta nufi yamma.

"Sun sace! Jama'a, sun sace akwati!"

Bai jira direba ba. Ya fito da gudu, babbar riga tana kama iska, takalmi ɗaya ya tsaya a yashi. Mutumin da ko masallaci ba ya sauri ya bi mota har ya kama ƙarfen bayanta. Ɗan sandan ya sa aka tsaya, ya leƙo.

"Baba, lafiya?"

"Tambuwal can take! Ina za ku kai mini ƙuri'a?"

"Me zai kai mu Tambuwal? Nan Jihar Kebbi ce, Baba."

Onarabul ya saki ƙarfen. Ya dubi maigari, maigari ya dubi ƙasa. Ya dubi Almu, Almu yana neman takalmin da ya faɗi da himma ta ban mamaki. Sai Taswira ya buɗe baki, ya yi abin da ba a taɓa jin ya yi ba. Ya yi tambaya.

"Tun yaushe?"

"Tun ba a haife ni ba," in ji ɗan sanda, mota ta wuce.

Sakamakon gida bai ba kowa mamaki ba, sai dai akwatin ƙofar gidansa ya ƙara ramewa. Ya je wurin liman da hujja: ai an ci akwati, kowa ya ji ana kiran buta. Liman ya ce buta ta ci, gaskiya ne, amma butar wani ce. Bayan kwana kaɗan mai butar ya zo da kansa, siririn nan Gazali, da ƙullin goro. Shi ma ya faɗi zaɓe, amma akwati guda ya ci a ƙauyen da bai taɓa gani ba, kuma tun ranar mutanen garinsu suke ce masa Onarabul. Ya zo godiya ne. Ya durƙusa har ƙasa.

Mutanen Tambuwal masu tsoron Allah ne, ba za su bari rantsuwar dattijo ta karye a bakinsu ba. Daga mai shayi har mai faci, kowa ya koma "Ina kwana, Alhaji." Haliru yakan zo musamman, ya faɗa sau biyu. Hajiya Ruwaida ta kira mai fenti ya shafe ƙofar gida, ta ce don kada baƙi su yi kuskure. Ɗanmaliki ya daina zama a waje. Sitacin rigarsa ma kamar ya saki.

Wata Juma'a ya ce wa direba a fito da mota. A bakin rafi ya sa aka tsaya, ya sauka, ya tsallaka yashin da ƙafa. Sai da ya hau tudun wancan gefen ya waiga, ya tabbatar ya wuce sarai, sannan ya gyara hula. Ya tarar da dattawan tunga a inuwar masallacin da ya rufa. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, kowa ya rasa da wane suna zai gaishe shi.

"Maigari," in ji shi, "wata alfarma nika nema. Rantsuwar ga, ga Jihar Sakkwato niy yi ta. Nan kuwa Kebbi ta, yaro ma ya sani, rafin ga shi na iyaka. Don Allah ku nan ku ci gaba da ce mini Onarabul. Ko a hankali na, yadda ba a jiyowa tsallake."