Omatsu Mai Gishiri da Siririn Littafi

Ranar Asabar, goma sha huɗu ga Oktoba, 2017, na fara ganin Kishimoto Harue da jikanta Tomoki. Ban daɗe da kama aiki a zauren taron unguwarmu a Tsuyama ba, inda nake ba da ɗakuna ina karɓar makullai. Sun zo duba ɗakin tabarma da suka kama don washegari.

Wasa za a yi a ɗakin, irin na zama a kewaye tebur. Mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya riƙa magana da bakinsa. In an zo wurin haɗari sai a jefa ƙwayoyin lido su yanke hukunci. Mijin Harue, marigayi Shozo, shi ya daɗe yana ja wa tsofaffin abokansu labarin, kuma tun da ya rasu teburin bai sake zama ba. Tomoki ne zai hau kujerarsa. Tsofaffin sun ce in Harue ta zo za su zo, in ba ta zo ba kowa ya zauna gidansa.

Ita ta riga jikan isowa. Tana zaune a benci gaban tagar ofishina da ƙunshi a cinya, sai ga shi ya shigo yana cire takalmi. Baa-can yake ce mata, wato kaka.

"Sannu da hutawa, Baa-can. Ashe kin iso. Na ɗauka iska ta ɗauke ki a hanya."

"Iska ai fanko take ɗauka, Tomo-bo. Kai dai riƙe ƙofa da kyau. Ina aikena?"

Ya zaro wani siririn littafi ya miƙa mata. Ta juya shi gaba da baya.

"Wannan fa? Takardar talla suka ba ka a tasha?"

"Littafin ke nan."

"Na aike ka Okayama ka sayo littafi, ka dawo min da jikan littafi. Ciwo ya yi a hanya?"

"An daina buga tsohon. Wannan ne sabon, an sauƙaƙa shi. Kuma da ba ki kashe na mijinki Jii-can ba, da ban hau jirgi ba."

"Ban kashe shi ba. Aiki na ba shi."

Tomoki ya juyo wajena. "Akagi-san, ka zama shaida. Littafin dokoki mai kauri kamar matashin kai, ta ɗauka ta danne kabejin da take tsimawa da gishiri. Ruwan ya ratsa har tsakiya. Yanzu in ka buɗe babin yaƙi, yunwa za ka ji."

"Dutsen dannewar ne ya ɓata," in ji ta. "Kuma kabejina bai taɓa daɗi irin na bana ba. Wannan naka ko ganyen shayi ba zai danne ba."

Na buɗe musu ɗakin. Na so in koma tagata, amma na ga ta sa tabarau ta buɗe littafin, sai na tsaya bakin ƙofa da makulli a hannu. Ban taɓa ganin yadda ake wasan ba.

"To, faɗa min abin da suka yanke," in ji ta. "Ina shafin nauyin kaya?"

"Babu. Abin da ya dace mutum ya ɗauka, ya ɗauka."

"Wa zai ce ya dace?"

"Mai jan labari."

"Kai ke nan? Kai da ka taɓa ɗauko kankana a keke ka iso gida da ɓawo? Guzuri fa?"

"An cire. Ba a lissafin abinci."

"Wato mutum ya yi tafiyar wata guda cikin duwatsu bai ci komai ba. Wanda ya rubuta wannan, uwarsa ce ke dafa masa. Ƙwayoyin jefawa fa? Mai fuska goma sha biyu, mai fuska ashirin?"

"Biyu kawai, masu fuska shida. In sun haɗu sun kai bakwai, ka yi nasara."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ko ke za ki iya."

"Ni na koya maka ƙirga, da wake. Rabinsa ka cusa a hanci." Ta juya shafi. "In an sare mutum fa, ya mutu?"

"Suma yake yi. Ba ya mutuwa sai mai shi ya yarda."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Sai ya yarda. Wannan dokar gwamnati ya kamata su kai wa, ba mu ba."

"Ai ke kin daɗe kina aiki da ita. Tun zamanin da ake haƙa tekun Seto kike nan, kin ƙi yarda."

"Ina nan har sai na ga ka yi aure. Ka ga ke nan ba ranar tafiyata."

Ta ci gaba da karatu tana bin layi da yatsa, tana ɗan gyaɗa kai a wasu wurare, ko da yake in ta ga yana kallonta sai ta taɓe baki. Da ta zo wani shafi mai hotuna huɗu sai yatsan ya tsaya.

"Mayaƙi. Boka. Mai magani. Ɓarawo." Ta juya bayan shafin, ta dawo. "Ina 'yan kasuwa?"

Tomoki ya sosa ƙeya. "An cire su."

"To Omatsu fa?"

Ya yi min bayani a taƙaice. Omatsu ita ce mutuniyar da kakarsa take riƙewa a wasan tun kafin a haife shi, mai tallan gishiri ce da ke yawo da jakinta daga ƙauye zuwa ƙauye.

"Ka gaya masa sunan jakin," in ji ta.

"Ba sai na faɗa ba."

"Tomo sunansa, Akagi-san. Jakin ya girme shi. Da aka haifi wannan, muka ga kunnuwan, muka ce suna ya samu."

"Baa-can, abu ne mai sauƙi. A sa ta cikin ɓarayi. Dama shekara da shekaru tana tauye mudu."

"Omatsu ba ta taɓa tauye mudu ba. Mudun ne ƙarami." Ta rufe littafin ta tura masa. Wannan karon ba ta yi murmushi ba. "Sun cire kaya, sun cire abinci, sun cire kasuwa. Me mai gishiri za ta je yi a inda ba a cin abinci? Ku yi wasanku. Gobe ina da wanki."

Ta fara ɗaure bakin ƙunshinta. Tomoki ya dube ni, kamar ni ne zan hana ta. Ni kuwa ba abin da na sani sai cewa in ba su zo ba, masu koyon rawa ne za su samu ɗakin.

"Tsoro take ji, Akagi-san," in ji shi. "Da can in ta ga za ta faɗi, sai ta ɓoye cikin lissafi har kowa ya yi gyangyaɗi. Yanzu ba wurin ɓuya."

Hannunta ya tsaya. "Wa ke jin tsoro?"

"Wata tsohuwa. Ba ki san ta ba."

"Yaro man kaza. Zauna. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ja min labarin, in ga ko ka gaji wani abu ban da goshin kakanka."

Suka zauna a ƙaramin tebur. Ta ce ni ma in zauna, ba ta son mutum tsaye a kanta. Tomoki ya fito da ƙwayoyi biyu sababbi, ya gyara murya.

"Omatsu ta iso bakin kogi. An kwana ana ruwa, kogin ya cika ya kawo. Gadar ta karye. A ƙetare akwai ƙauyen da gishirinsu ya ƙare, ga lokacin tsima kayan lambu ya zo."

"Ka ce ba a cin abinci."

"Na ce ba a lissafinsa."

"Hmm." Ta gyara zama. "Buhu nawa ke bayan Tomo?"

"Daidai yadda zai iya."

"Zurfin ruwan fa? Ƙarfinsa? Ƙasan laka ce ko tsakuwa? Kakanka sai ya buɗe shafi uku kafin ya bar ni in sa ƙafa."

"Shi ya sa kuka shekara a bakin kogi ɗaya. Za ki shiga ko za ki koma?"

"Zan shiga. In riƙe igiyar jakin ta gefen sama, in ɗora gishirin a kaina."

"Jefa."

Ta karɓi ƙwayoyin ta shinshina su. "Ko warin hannu ba su da shi." Ta kaɗa, ta jefa. Ɗaya da biyu.

"Uku," in ji Tomoki. "Ƙafarta ta zame. Igiyar ta kuɓuce. Ruwa ya ja jakin, buhun ya jiƙe, gishirin yana narkewa."

"Ka gani? A tsohon littafi, da an ƙara min don na san kogi, an ƙara min don igiyar sabuwa ce. Wannan caca ce kawai." Ta dafa tebur za ta tashi. "Omatsu ta suma, jaki ya tafi. An gama."

"Saura doka ɗaya. Wannan ba cirewa suka yi ba, ƙarawa suka yi."

"Ashe sun iya ƙari."

"Kowane ɗan wasa zai rubuta sunan mutum ɗaya da mutuminsa ya shaƙu da shi. Sau ɗaya a zama, in abu ya ɓaci, sai ya kira sunan ya sake jefawa."

Ta koma ta zauna a hankali. "Kowane mutum?"

"Kowane."

"Sai wanda ke wurin?"

"Ba lallai ba."

Ta zuba wa ƙwayoyin ido. Tomoki ya rage murya ya gaya min cewa a labarin akwai wani mai fito, Genzo, wanda ke ƙetarar da Omatsu a kwalekwalensa suna ciniki suna zagin juna. Kakansa ne yake yin muryarsa. Tun da ya rasu ba wanda ya sake ambaton mai fiton.

"Ina jin ka," in ji ta. "Kunnena bai mutu ba." Ta ɗauki littafin ta miƙo min. "Akagi-san, wannan yaron maƙaryaci ne tun yana cikin zani. Kai karanta min. Duba ko sun ce sai mai rai."

Na karanta dokar daga farko har ƙarshe, na duba bayan shafin, na duba ƙananan rubutun da ke ƙasa, don ban saba ba da amsa a kan rabin takarda ba.

"Ba su ce ba," na ce. "Sun ce dai wanda ya shaƙu da shi."

"Kuma ba sai wani ya yi muryarsa ba?"

"Ba sai an yi ba," in ji Tomoki. "Ni ma ba zan gwada ba."

"Gara dai. Muryarka kamar ƙofar gareji." Ta tattara ƙwayoyin cikin tafin hannu, ta daɗe tana kaɗawa. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Genzo, kai malalaci, fito da kwalekwalen nan."

Ta jefa. Uku da huɗu.

"Bakwai," in ji Tomoki. "Da ƙyar. Ta damƙo igiyar. Jakin ya fito, rabin gishirin ya tsira."

Harue ta kalli ƙwayoyin, sai dariya ta ƙwace mata, har ta cire tabarau tana share ido da bakin hannun riga.

"Bakwai cif. Ko ɗaya bai ƙara min ba. Shi ne, ba shakka. Kullum sai a ƙurarren lokaci yake zuwa, kuma sai ya ci rabin kayan."

"To, gobe akwai wanki?"

"Wankin zai jira. Rubuta ta a ɓarayi. Genzo ma haka yake kiranta." Ta kwance ƙunshinta ta fito da wata 'yar jakar yadi da ta sha hannu, ta jefa masa a cinya. Ƙwayoyin Shozo ne, iri-iri, wasu lambobinsu sun goge.

"Baa-can, biyu kawai ake bukata."

"Riƙe sauran. Wata rana za ka yi hankali." Ta tura min wani ƙaramin kwano mai murfi. "Kai kuma ga kabeji, ladan karatu. Gobe ka zo. Littafin nan bai san da jaki ba, dole wani ya riƙe shi."

Washegari teburin ya zauna, tsofaffin duka sun zo, ni kuma aka ba ni jakin. Harue ta ci gaba da riƙe Omatsu duk Lahadin farkon wata har sanyin 2022, lokacin da ta rasu a gida bayan gajeriyar jinya. Tsohon littafin yana nan kusa da hoton Shozo, har yanzu da warinsa. Teburin bai tashi ba, sai dai yanzu karɓa-karɓa ake yi wajen jan labari. Ran da Tomoki yake ɗan wasa, sunan Omatsu ne a takardarsa. Ya ce duk sanda ya kira ta, ba ta taɓa ba shi sama da bakwai ba.